Fuskar Inna a Bangon Tasha

Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya gajiya? Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Tunda wayarki ta koyi zama a kashe kullum, na koma biro da takarda kamar mutanen da. Direban motar safe zai kawo miki, na kuma gaya masa kada ya bar ƙofarki sai ya ga ta shiga hannunki.

Ba zan yi kewaye-kewaye ba. An liƙa fostar sabon fim ɗinku na ban tsoro a bangon tashar unguwarmu, daidai inda Inna take tsayawa da safe tana karɓar yara daga hannun iyayensu masu tafiya aiki. Ranar da na gan ta sai da na ajiye jakata a ƙasa. Haƙoran ba nata ba ne, fatar toka-toka ba tata ba ce, gashin nan da ya yi cirko-cirko ma ba nata ba ne. Amma fatar idon hagu da ta ɗan sauko fa? Tabon haɓa mai kamar ƙugiya fa? Duk wanda ya taɓa gaishe da Inna sau ɗaya ya san wannan fuskar. Ga kuma sunanki can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, a layin masu kwalliya.

Manyan yaran layi suka fara nuna wa ƙanana guntayen fim ɗin a waya. Kin san Kumatu, 'yar malamar asibitin nan, wadda ba ta cin abinci sai daga hannun Inna? Shekaranjiya Inna ta miƙa hannu za ta ɗauke ta, yarinyar ta ƙanƙame ƙafar uwarta tana ihu har ta yi fitsari a tsaye. Tun daga nan iyaye suka fara kawo uzuri. Wannan ta ce surukarta ta zo za ta riƙe mata, waccan ta ce za ta sa nata a makaranta, yaron da ko magana bai iya ba. Ba wanda ya ce mata mayya a gaban idonta, amma matar mai kanti tana janye ɗanta ciki in Inna ta zo wucewa.

Shekara da shekaru Inna tana rainon 'ya'yan unguwar nan, wasu ma 'ya'yan waɗanda ta raina ne. Yanzu ɗakin yaran shiru, ƙarar keken ɗinkina kaɗai ake ji a gidan. Amma kullum da safe sai ta shimfiɗa tabarmi ta wanke ƙananan kofunan nan ta jera su.

Tambaya ɗaya gare ni. Wannan abin da kika taɓa shafa mata a fuska lokacin da kike koyon aiki, shi ne? Ki ba ni amsa, kada ki yi min dogon turanci.

Yayarki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na gode. Ina fatan ke da Inna kuna lafiya, ciwon gwiwarta kuma ya yi sauƙi. Waya ba ƙin ɗagawa nake yi ba, wajen ɗaukar fim kashe ta ake sa mu yi.

E, shi ne. Amma ki tsaya ki ji yadda aka yi kafin ki yanke min hukunci.

Kin tuna ranar, ai kina nan kina yi mana dariya. Na zaunar da Inna a kujera, na sa mata tsinken shan lemo a hanci don ta yi numfashi, na shafe fuskarta da filasta irin na ɗaurin karaya. Da ya bushe na ɓamɓare shi, siffar fuskarta ta fito a ciki. Shi muke kira mazubi. A cikinsa ake zuba roba ta daskare, a ciro fuska a liƙa wa ɗan wasa. Na ajiye shi tun lokacin a cikin akwatin kayan aikina.

Da aka zo wannan fim, darakta ya ce yana son tsohuwa, amma tsohuwar gaske ba za ta iya tsallen da rarrafen da ake buƙata ba. Sai aka ɗauko yarinya mai ƙarfi aka ce in tsofar da ita. Na yi fuska ta farko da ka, ya ce ta yi kama da roba. Na sake wata, ya ce yara ma dariya za su yi mata. Ana gobe za a fara ɗauka na buɗe akwati na ga mazubin Inna. Na ce a raina in na ƙara haƙora na canza launi ba mai gane ta. Na so in cike tabon ma, darakta ya riƙe min hannu ya ce wannan tabon shi ne fim ɗin.

Yaya, haka aikin yake. Tunda na shigo shi, in ba jini nake zuba wa budurwa a wuya ba, to tsohuwa nake mayarwa dodo. Na taɓa tambayar darakta me ya sa ba ma yin tsoho namiji, ya yi dariya ya ce, "Tsoho ai tausayi yake ba mutane. Tsohuwa ce in ta yi shiru a lungu kowa zai fara tunanin me ta sani." Ba ni na ƙirƙiro wannan ba, haka na tarar da shi.

Ki kwantar da hankalinki. Fosta ba ta daɗewa, wani fim zai fito a liƙe shi a kanta, yara kuma mantuwa gare su. In kina so ki sa wani ya yage ta. Abu ɗaya nake roƙonki, kada ki bari Inna ta kalli fim ɗin.

Ki gaishe min da ita.

Taki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Muna lafiya, gwiwa ta yi sauƙi, an gode da tambaya.

Kin ce kada in bari ta kalla. Ke kin taɓa hana Inna abin da ta sa kanta? Ta ga takardarki a kan keke ta ce in karanta mata, na karanta na tsallake layin ƙarshe, ta ce, "Akwai saura, na ga idonki ya yi tsalle." Washegari bayan azahar ta fito da mayafinta mai kyau, wanda take zuwa biki da shi, ta ce in raka ta sinima ta ga aikin 'yarta. Matar da ba ta taɓa taka ƙofar sinima ba a rayuwarta.

Muka zauna can baya. Da farko har ta ba ni dariya. Da budurwar fim ɗin ta ji motsi a ɗakin ƙasa ta ɗauki fitila ta sauka ita kaɗai, Inna ta ce da ƙarfi, "Ke, ba ki da maƙwabta ne?" Da ta faɗi tana gudu kuma ta ce, "Su wa suka sa mata wannan takalmin?" Mutanen gabanmu suna ta waiwaye.

Sai tsohuwar ta fito.

Kin ce min fuska ce kawai. Ƙarya kika yi min, Auta, ko kuma kin yi wa kanki. Akwai inda tsohuwar ta tsinci yaro yana kuka a bakin hanya. Ta durƙusa, ta goge masa fuska da gefen mayafinta, sannan ta hura masa iska a goshi. Wa yake yin haka a duniyar nan in ba Inna ba? Da shi ta raine mu, da shi take lallashin duk yaron da ya faɗi a tsakar gidanmu. Ana hura iskar nan aka saki wani kiɗa mai tsaga kunne, idon yaron ya juye fari, sinima ta ɗauki ihu. Wata mata a gefena ta ce, "Wayyo, ta cinye shi!" Ban iya juyawa na kalli Inna ba.

Ƙarshen kin san shi, ke kika yi masa kwalliya. Mutanen gari sun kulle ta a ɗaki sun sa wuta, kyamara ta tsaya a kan fuskar tana narkewa, tabon haɓar ne ya rage na ƙarshe. Aka yi tafi, Auta. Har da fito. Inna tana zaune hannuwanta a kan cinya, mutane suna tafa wa ƙonewar fuskarta.

Da aka kunna fitilu muna fita, wani saurayi ya kalle ta ya daki kafaɗar abokinsa ya ce, "Kai, ga ta nan! Mama, don Allah hoto ɗaya." Na kusa marinsa. Ita kuwa ta ja mayafi ta wuce.

A mota, da muka kusa gida, ta ce, "Tun da aka fara har aka gama ba a bar matar nan ta ce uffan ba. Ko sunanta ba a faɗa ba." Na ce haka suke yin finafinan. Ta ce, "To," ta ci gaba da kallon taga.

Kin manta inda ta samo tabon ne? Ke ce kika zamo daga matattakala kina rarrafe, ta yi tsalle ta cafe ki, haɓarta ta daki ƙarfen matattakalar. Ban so in faɗa ba, amma na faɗa.

Fostar kuwa na yage ta da hannuna. Kafin yamma an liƙa sabuwa.

Yayarki

*

Yaya,

Ina gaishe ki. Ban san yadda zan tambayi lafiyar gida ba bayan abin da na karanta, amma ina tambaya.

Na karanta takardarki a ɗakin kwalliya, a gaban madubin nan mai fitilu. Na kasa ɗaga kai in kalli kaina. Kunya ce irin wadda ban taɓa ji ba.

Ba zan musa ba, ni na koya mata. Yarinyar da ta sa fuskar ba ta taɓa raino ba. Muna zaune ina liƙa mata roba ta ce, "Anti, ya tsohuwa take ɗaukar yaro? Ni ban sani ba, kakata ta rasu ina ƙarama." Sai na nuna mata abin da na sani. Na goge mata fuska da gefen ɗankwalina na hura mata goshi, ta yi dariya ta ce ta ji daɗi. Wallahi a lokacin kewar Inna nake yi. Da ta yi shi a gaban kyamara, mai riƙe fitila har ya share ido. Ba abin tsoro a ciki ko kaɗan.

Abin tsoron a ɗakin tace fim aka sa shi. Aka rage haske, aka jawo tafiyar hoton ta yi sanyi, aka ɗora kiɗan nan. Ina tsaye a bayansu. Darakta ya juyo ya ce, "Auta, kin ga abin da kika haifa?" Kowa ya tafa min. Yaya, daɗi na ji. Wannan shi ne abin da ya hana ni barci. Ina kallon hannun Inna ana mayar da shi abin gudu, ni kuma ina murmushi don an yabe ni. Shi ya sa na ce kada ta kalla, shi ya sa kuma nake kashe waya ko ba a wajen aiki ba.

Yanzu ga wata sabuwa. Fim ya karɓu, za a yi na biyu. Fuskokin robar da muka yi duk sun ƙare, ta ƙarshe ita aka ƙona, don haka sai an koma ga mazubin. Na je ofishin darakta na gaya masa fuskar mahaifiyata ce, na gaya masa yara sun daina zuwa. Na ga abin ya ɗan taɓa shi. Sai ya ce, "To mu kawo ta ranar buɗe fim mana, a ga mayyar gaske, ai talla ce." Da ya ga fuskata ya ce wasa yake yi. Daga baya ya ce in ba mazubi ba ni da aiki a na biyun, kuma zancen zai zaga sauran kamfanoni.

Na so in ce masa abubuwa da yawa. Na so in tambaye shi ko tasa uwar ba ta tsufa ba. Amma na fito kawai. Yarinyar da ta sa fuskar ce ta biyo ni waje tana kuka, tana cewa da ta sani da ba ta yi ba. Ita da ba ruwanta ta fi ni iya ba da haƙuri.

Na ɗauke mazubin daga ɗakin ajiya na kai ɗakina. Jiya na je tasha da niyyar tahowa gida, na ga fostar a jikin motar da zan hau, na juya. Da wace fuskar zan shigo layinmu?

Don Allah ki ba Inna haƙuri a madadina. Kin fi ni sanin yadda ake yi mata magana.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa, da fatan kin tashi lafiya.

A'a. Ni ba 'yar aikenki ba ce. Kin iya rubuta min shafi guda, ki rubuta mata rabi. Zan karanta mata ba zan tsallake komai ba, tunda ko na tsallake kama ni take yi.

Ba ta yi fushi a gabana ba, da ta yi ma da na fi samun sauƙi. Ta daina tsayawa a tasha. Tabarmin da take shimfiɗawa ta rage su. Abin da ya fi ci min rai shi ne ta fara naɗa mayafi ta rufe haɓarta, ko a cikin gida, ko da ni kaɗai ce. Jiya na ce, "Inna, zafi ake yi fa." Ta ce mura take ji. Inna da take ba yara labarin tabon nan kala-kala, yau ta ce kura ce ta yakushe ta, gobe ta ce jirgin sama ta faɗo daga ciki.

Na ji tausayinki da na karanta takardarki, kada ki ce ban ji ba. Amma ban huce ba tukuna.

Yayarki

*

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum, Inna. Ina durƙusawa ina gaishe ki, da fatan Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Inna, kin ba ni fuskarki don in koyi sana'a. Kin zauna da tsinke a hanci kina haƙuri, ba ki tambaye ni me zan yi da ita ba. Na kai ta inda aka yi mata abin da kika gani. Na haɗa da hannunki da numfashinki na ba su. Ba a ƙwace ba, ni na miƙa. Yaran da suka daina zuwa ni na kore su daga ƙofarki. Ki yafe min, ko da ba yanzu ba.

Na gaya wa darakta ba zan ba da mazubin ba, na kwaso kayan aikina. Ban san abin da zai biyo baya ba, kuma ba don a tausaya min nake faɗa ba.

Na ɗauko guduma zan fasa shi don kada wani ya sake samunsa. Da na juyo cikinsa wajen hasken taga sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba. Gefen bakinki ya ɗan ɗaga. Dariya kike dannewa a ƙarƙashin filastar, saboda tsokanar da Yaya take yi miki ranar. Na kasa sauke gudumar a kansa, Inna. Ga shi nan a kan gadona na rufe shi da ɗankwali.

Ki gaya min abin da zan yi da shi. Duk abin da kika ce shi zan yi.

'Yarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Yayarki ce ke rubutawa, ni nake faɗa, na ce kada ta ƙara kada ta rage. Na ji gaisuwarki. Kina cin abinci kuwa?

Yau da safe malamar asibiti ta rasa inda za ta kai Kumatu, ta kawo ta tana ta sunkuyar da kai. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa. Ban kira ta ba, na ci gaba da wanke kofuna. Can sai na ji ta a bayana. Ta ja mayafina ƙasa, ta sa yatsa a kan tabon ta ce, "Inna, wutar ta yi zafi?"

Na ce mata ta yi.

Sai ta goge min fuska da gefen rigarta, ta hura min goshi.

Sauran ba su dawo ba. Ban sani ba ko za su dawo.

Wancan abin kada ki fasa shi. Fuskata ce, ki dawo min da abata. Kada ki ba direba, ki riƙo ta a hannunki ki shigo da ita ta layinmu da rana.

Allah ya kawo ki lafiya.

Innarki